Giɓin da Dokar Gwajin Asbestos Ta Bari a Ƙananan Gidaje

A cikin dokar Amurka da ke kula da rusau da kwaskwarimar gine-gine akwai wata 'yar jimla da ba ta cika layi biyu ba, amma ita ta raba gidajen ƙasar gida biyu. Dokar ta ce kafin a rushe gini ko a yi masa babban gyara, wajibi ne a bincika ko akwai asbestos a jikinsa. Da ta zo bayanin irin ginin da take nufi, sai ta cire gidajen zama masu sassa huɗu ko ƙasa da haka. Ke nan benen haya mai sassa biyar yana hannun doka, na gefensa mai sassa huɗu kuwa ba ruwanta da shi, ko da magini ɗaya ne ya gina su a shekara ɗaya, da kayan da aka sauke daga mota ɗaya. Gidan mutum da iyalinsa, wanda irinsa ne mafi yawa a ƙasar, yana can waje.

Ba Amurka kaɗai ke da irin wannan iyaka ba. Birtaniya ma tana da tata, haka yawancin jihohin Ostireliya. Abin da na fahimta daga kwatanta su shi ne an ja iyakar ne da ma'aunin girman gini da kuma tambayar wane ne ke biyan wani albashi, alhali wurin da ƙurar ke samun mutane a yau ya canja. An rufe ma'adinai da masana'antu a waɗannan ƙasashe, manyan gine-gine kuma suna da masu sa ido. Abin da ya rage shi ne ɗakin girki da banɗaki da saman silin na ƙaramin gida, inda babu mai dubawa.

Asbestos ma'adini ne da ake haƙowa daga dutse, yana fitowa zare-zare. Wuta ba ta cin sa, ba ya ruɓewa, yana ƙara wa siminti ƙarfi, ga shi da araha. Shi ya sa a ƙarni na ashirin aka zuba shi a kwanon rufi na siminti, da allon silin, da tayil na ƙasa da gam ɗin da ake manna shi, da abin da ake naɗe bututun ruwan zafi, da feshin adon silin. Iri uku aka fi amfani da su: fari, wanda shi ne mafi yawa da nisa, sai ruwan ƙasa, sai shuɗi. Muddin yana ɗaure cikin siminti ba a taɓa shi ba, haɗarinsa kaɗan ne. Matsalar tana farawa ne ranar da aka yanka shi, ko aka huda, ko aka kankare, ko ya tsufa ya fara marmashewa. Zaren da ke tashi ido ba ya ganin sa, yana daɗewa a iska, idan kuma ya shiga huhu jiki ba ya iya narkar da shi yadda ya kamata. Daga nan sai tabon huhu, ko ciwon dajin huhu, ko mesoteliyoma, wato dajin tantanin da ya lulluɓe huhu, wanda har yau ba a cika warkewa daga gare shi ba. Cutar kan ɗauki shekara 20 zuwa 50 kafin ta bayyana.

Akwai abin lura a jerin shekarun da aka gano waɗannan abubuwa. A 1924 Nellie Kershaw, ma'aikaciyar saƙa a garin Rochdale na Ingila, ta rasu, kuma bayanin rasuwarta ne ya fara shigar da tabon huhu na asbestos cikin mujallun likitoci. A 1955 Richard Doll ya tabbatar da alaƙarsa da dajin huhu. A 1960 likita Christopher Wagner ya ba da rahoton mutum 33 masu mesoteliyoma a yankin da ake haƙar shuɗin asbestos a Afirka ta Kudu, kuma da yawansu ba su taɓa aiki a ma'adinin ba, zama kawai suka yi a kusa. A 1965 Muriel Newhouse da abokiyar aikinta suka nuna a Landan cewa cutar tana kama waɗanda ke zaune gida ɗaya da ma'aikaci, irin matar da ke kakkaɓe masa tufafin aiki ta wanke. Wato tun shekara takwas kafin Amurka ta rubuta dokarta ta 1973, likitoci sun riga sun san cewa ƙura kaɗan a cikin gida tana iya kisa.

To me ya sa aka cire ƙananan gidaje? Amsar tana cikin asalin dokar. Hukumar kare muhalli ta EPA ta fitar da ita ne a ƙarƙashin dokar tsaftace iska ta 1970, wadda damuwarta ita ce iskar waje, wato abin da ke tashi daga masana'anta ko filin rusau ya bazu cikin gari. Da wannan ma'auni, ƙaramin gida ba wani abu ba ne, kuma hukumar ta dogara da cewa irin waɗannan gidaje ba su ɗauke da asbestos mai yawa. Ko a manyan gine-ginen ma, ƙa'idojin aiki ba sa hawa kan kwaskwarima sai abin da za a taɓa ya kai ƙafa 260 na bututu, ko murabba'in ƙafa 160 na bango ko silin. Idan ya kai, sai a sanar da hukuma kwana goma na aiki kafin a fara, a jiƙa kayan, a cire su kafin rusau, a ɗaure cikin leda mai alama, a kai juji na musamman. A 1995 hukumar ta ƙara bayani cewa idan za a rushe ƙananan gidaje da yawa a wuri guda don wani babban aiki, kamar hanya ko sabunta unguwa, doka ta hau kansu. Wannan ma ya nuna abin da ake aunawa: jimillar ƙurar da za ta fita waje.

Ba zan ce hujjar ba ta da tushe ba. Hukuma mai 'yan sufetoci ba za ta iya bin miliyoyin gidaje ba, kuma dokar da ba a iya tilasta bin ta tana zubar da mutuncin sauran dokoki. Ga kuma al'adar ƙasar ta cewa gidan mutum nasa ne, ba a shigar masa sai da ƙwaƙƙwaran dalili. Sai dai hujjar ta amsa tambayar iskar gari ce kawai. Huhun da ke cikin ɗaki mai rufaffen taga, inda wani ke kankare silin a bushe, ba a yi lissafinsa ba.

Da a ce wata doka ta rufe wannan giɓi, da da sauƙi. Dokar kare ma'aikata ta hukumar OSHA tana da tsauri: ta ƙayyade zare 0.1 a kowane santimita kubik na iska a tsawon awa takwas, ta kuma ce a ginin da aka yi a 1980 ko kafin nan, a ɗauka cewa naɗin bututu da feshin silin suna da asbestos har sai gwaji ya nuna akasin haka. Amma wannan doka tsakanin ma'aikaci da wanda ya ɗauke shi aiki take. Mai gidan da ya ɗauki guduma da kansa ba ya cikinta, haka ma mai sana'ar da ke aiki shi kaɗai ba shi da yaro. Dokar 1986 da ta tilasta bincike da ajiye rajista kuwa makarantu ta shafa. Kowace doka ta tsaya a bakin ƙofar ƙaramin gida saboda nata dalilin, babu wanda ya zauna ya yanke shawarar a bar shi haka, amma sakamakon ɗaya ne. Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne ƙasar ta san yadda ake shiga irin wannan gida idan ta ga dama: tun dokar 1992, duk mai sayar da gida ko ba da hayarsa, idan an gina shi kafin 1978, dole ya faɗi abin da ya sani game da fenti mai darma, ya kuma miƙa takardar gargaɗi. Gwamnatin tarayya ba ta yi wa asbestos irin wannan ba.

Hana shigo da shi ma bai taɓa abin da ke cikin bango ba. EPA ta hana yawancin kayan asbestos a 1989, kotun ɗaukaka ƙara ta soke mafi yawan hanin a 1991, sai a watan Maris na 2024 aka sake hana farin asbestos. Duk wannan magana ce ta sabon kaya. Tsohon da aka riga aka liƙa a gidaje, sai da wata kotu ta ce a 2019 hukumar ba ta da ikon tsallake shi, kafin ta shigar da shi cikin nazarinta na haɗari.

Ya kamata a ga yadda gwajin kansa yake, domin jin sunansa yana sa mutane su zaci wani gagarumin aiki ne. Mai binciken zai zo da takunkumi da 'yar kwalbar fesa ruwa mai ɗigon sabulu. Zai shimfiɗa leda a ƙasa, ya jiƙa wurin da zai taɓa, ya yanko guntun da bai fi faɗin farce ba, amma ya tabbatar ya ratsa kowane hawa, domin sau da yawa tayil ɗin sama lafiya lau yake, baƙin gam ɗin da ke ƙarƙashinsa ne ke ɗauke da abin. Zai saka guntun a leda, ya sake saka ledar cikin wata, ya rubuta ɗakin da wurin, ya toshe inda ya yanka, ya goge da jiƙaƙƙen tsumma. A feshin silin ba a yarda da guntu ɗaya ba, saboda ba a gauraya shi daidai wa daida: ƙa'idar Amurka ta ce guntu uku idan wurin bai wuce murabba'in ƙafa 1,000 ba, biyar har zuwa 5,000, bakwai idan ya haura. A ɗakin gwaji za a ɗora shi ƙarƙashin madubin ƙara girma mai amfani da tataccen haske. Farin asbestos zai fito a lanƙwashe, ruwan ƙasa da shuɗi kuwa a miƙe masu tsini. Idan ya haura kashi 1 cikin ɗari, doka ta lissafa kayan a matsayin mai asbestos. Aikin kwana kaɗan ne, kuɗinsa kuma ƙanƙani ne idan aka kwatanta da kuɗin sabon ɗakin girki.

Hausawa sun ce ido ba mudu ba ne amma ya san kima. A wannan harka ido bai san komai ba. Allon siminti mai asbestos da marar shi launinsu ɗaya, nauyinsu kusan ɗaya, kuma maginin da ya shekara talatin yana aiki zai iya rantsuwa ya yi kuskure. Wannan ne ya sa ba za a bar lamarin ga ƙwarewar mai aiki ba, kuma shi ne ya bambanta shi da ruɓaɓɓen katako ko tsagar bango da kowa ke gani.

Birtaniya ta fi Amurka gaba da taki ɗaya, amma giɓin yana nan. Ta hana shuɗi da ruwan ƙasa a 1985, fari a 1999, don haka duk ginin da ya girmi shekarar 2000 abin tuhuma ne. Dokarta ta 2012 ta ɗora wa mai kula da gini nauyin nemo asbestos, da rubuta inda yake, da sanar da duk wanda zai yi aiki a wurin. Amma wannan nauyi na gine-ginen da ba na zama ba ne, da kuma wuraren tarayya na benayen haya, kamar matakala da zaure da ɗakin injin ɗumama ruwa. Da ka tura ƙofar sashen wani, ya ƙare. Abin da ya rage shi ne wajibcin da ke kan ɗan kwangila, har da mai aiki shi kaɗai, na ya gano ko akwai asbestos kafin ya fara. A takarda wannan ya isa. A aikace, mai gyaran famfo da aka kira saboda bututu na yoyo ba zai ce wa matar gida ta jira kwana uku sakamako ya fito ba, kuma babu wata rajista da zai duba. Hukumar lafiyar ma'aikata ta ƙasar tana ƙiyasta mutuwar kimanin mutum 5,000 a shekara saboda asbestos, ta kuma daɗe tana cewa kusan masu sana'ar hannu 20 ne ke mutuwa kowane mako: kafintoci, masu wayar lantarki, masu famfo, masu fenti.

A nan ne nake ganin babban kuskuren lissafin yake. Gaskiya ne haɗarin yana ƙaruwa da yawan abin da mutum ya shaƙa da tsawon lokacin, kuma wanda ya huda bango sau ɗaya a rayuwarsa bai kamata ya hana kansa barci ba, ko da yake ba a gano wani adadi da za a ce ba shi da illa kwata-kwata ba. Amma doka tana ƙirga gida ɗaya-ɗaya, ta ce kowanne kaɗan ne, shi kuwa mai wayar lantarki yana shiga saman silin na gida ɗari a shekara, shekara da shekaru. Abin da yake kaɗan a kowane gida ya taru ya zama mai yawa a ƙirjinsa. Ga kuma ɗan haya da ba shi ya zaɓi ɗan kwangila ba, ba a kuma gaya masa abin da aka kankare ba. Ga yaro ɗan shekara biyar da ke wasa a ƙasa washegarin aikin, wanda yake da isasshen tsawon rai a gabansa da cutar za ta samu damar fitowa. Ba ɗaya cikinsu da ya amince da haɗarin, don haka hujjar cewa mutum yana da 'yancin yin kasada a gidansa ba ta shafe su ba.

Ostireliya ce ta fi kowa tattara shaida a kan wannan, domin bayan yaƙin duniya na biyu ta gina unguwanni da allon siminti mai asbestos, ba ta kuma hana shi gaba ɗaya ba sai 31 ga Disamba 2003. Masu bincike a can suna maganar zango uku na masu kamuwa: na farko masu haƙa, irin na garin Wittenoom, na biyu masu aiki da kayan, na uku masu gyara gidajensu. Wani bincike da aka buga a mujallar likitocin ƙasar a 2011, bisa rajistar mesoteliyoma ta jihar Yammacin Ostireliya, ya nuna cewa a 'yan shekarun ƙarshe da aka duba, fiye da kashi ɗaya cikin uku na matan da suka kamu, gyaran gida ne sanadin. Wasu ba su riƙe ko guduma ba, shara suka yi bayan an gama. Duk da haka yawancin jihohin ƙasar suna barin mutum ya cire har murabba'in mita 10 na allon da bai fara marmashewa ba, ba tare da lasisi ba.

Labarin Canberra, babban birnin ƙasar, ya cancanci a tsaya a kansa. Tsakanin 1968 da 1979 wani ƙaramin kamfani da aka fi sani da Mr Fluffy ya riƙa hura sakakken asbestos, galibi ruwan ƙasa, a saman silin na gidaje don tare sanyi. Ba a ɗaure yake da siminti ba, gari ne kawai a zube. Daga 1988 zuwa 1993 gwamnati ta bi gidajen birnin ta duba, ta kwashe abin daga gidaje kusan dubu, aka ɗauka an gama. Ashe an bar baya da ƙura. Zaren ya riga ya zirara cikin ramin bango da ƙarƙashin daɓe, yana fitowa ta tsagar kwabar tufafi da hanyoyin iskar ɗumama ɗaki. A cikin shekarun da suka biyo baya an yi ta sayar da gidajen, sababbin masu su suna fasa bango suna faɗaɗa ɗakuna, da yawansu ba su fahimci abin da suka saya ba. A 2014, bayan sabon bincike, gwamnatin yankin ta yanke cewa babu yadda za a tsaftace su. Ta karɓi rancen dala biliyan 1 ta Ostireliya daga gwamnatin tarayya, ta sayi gidaje sama da dubu don ta rushe. Daga farkon 2015 kuma ta hana kowa cire asbestos da kansa a yankin, komai ƙanƙantarsa. Darasin da na ɗauka a nan shi ne an yi gwajin, an san gidajen, amma sanin bai bi gidan daga hannu zuwa hannu yadda ya kamata ba.

Wannan ita ce matsalar da Faransa da yankin Flanders na Beljiyam suka tunkara. Faransa ta hana asbestos daga 1 ga Janairu 1997, ta kuma wajabta cewa duk gidan da aka ba da izinin gina shi kafin 1 ga Yuli na wannan shekara, ba a sayar da shi sai da rahoton ƙwararren mai bincike, komai ƙanƙantar gidan. Flanders ta bi sahu daga 23 ga Nuwamba 2022: ginin da aka yi kafin 2001 ba ya canja hannu sai da takardar shaidar asbestos, wadda ake shigarwa cikin kundin hukumar shara ta OVAM, kuma an tsara cewa zuwa 2032 kowane mai irin wannan gida zai mallake ta ko zai sayar ko ba zai sayar ba. Hikimar ɗaura gwaji a kan ciniki ita ce ba a buƙatar sufeto ya ƙwanƙwasa ƙofar kowa. Ranar ciniki akwai kuɗi a hannu, akwai jami'in da ke rattaba hannu, kuma mai saye da kansa yana son ya sani.

Akwai wani dalili mai zurfi da ya sa tilas ta fi zaɓi a nan. Inda doka ta ce mai sayarwa ya faɗi abin da ya sani kawai, kamar yadda take a jihohin Amurka da dama, rashin sani ya zama riba. Wanda ya yi gwaji ya ga akwai, farashin gidansa ya sauka, kuma dole ya faɗa. Maƙwabcinsa da ya ƙi yin gwaji zai rubuta cewa bai sani ba, ya sayar da tsada, bai kuma yi ƙarya ba. Haka ɗan kwangilar da ya saka kuɗin gwaji cikin lissafinsa zai rasa aikin ga wanda bai saka ba. Tsarin yana hukunta mai gaskiya. Idan aka wajabta wa kowa, wannan ya kau.

Sai dai takardar ciniki ba ta isa ba, kuma Faransawa sun gane haka. Binciken da ake yi don sayarwa na gani da ido ne da ɗan abin da hannu ya kai, ba a fasa bangon gidan da ake talla. Abin da ke bayan tayil na banɗaki ba zai fito a ciki ba. Har ma takardar tana iya zama tarko, mutum ya ga an rubuta babu, ya ɗauki injin yanka da kwanciyar hankali. Shi ya sa daga 2019 Faransa ta wajabta wani binciken daban kafin aiki, wanda ke bin daidai wurin da za a fasa, kuma nauyinsa yana kan wanda ya ba da aikin, ko da mutum ne a gidansa. Japan ta zo ta wata hanya: daga Afrilu 2022 ɗan kwangila zai miƙa wa hukuma sakamakon bincike idan rusau ya kai murabba'in mita 80, ko kwaskwarima ta kai yen miliyan 1, ko an samu asbestos ko ba a samu ba, daga Oktoba 2023 kuma sai mai takardar ƙwarewa ne zai yi binciken. A Amurka ma wasu jihohi sun wuce gwamnatin tarayya. Colorado ta shigar da gidan iyali ɗaya cikin dokarta, ta kuma rage ma'aunin zuwa ƙafa 50 na bututu ko murabba'in ƙafa 32. Abin da ya haɗa waɗannan ukun shi ne sun auna girman aikin da za a yi, suka bar ƙirga ƙofofin gidan. A ganina wannan ne ma'aunin da ya dace, kuma idan ƙasa za ta zaɓi ɗaya tak, gwaji kafin aiki ya fi gwaji kafin ciniki muhimmanci.

Dole a yi hattara da abu biyu. Gwaji ba umarnin cirewa ba ne. Tun 1990 EPA ta shawarci masu gine-gine cewa kayan da ke da lafiya gara a bar su a inda suke ana sa ido, domin cirewa cikin gaggawa da hannun da bai iya ba ya fi barin su haɗari. Holan ta so ta tilasta sauke duk rufin asbestos kafin ƙarshen 2024, majalisar dattawanta ta yi watsi da ƙudurin a 2019, kuma tsadar da za ta faɗa kan masu ƙaramin ƙarfi na cikin dalilan. Na biyu shi ne abin da ke biyo bayan sakamako. Idan aka gaya wa talaka akwai asbestos a rufinsa, kuɗin masu lasisi kuma ya fi ƙarfinsa, juji na nesa da tsada, zai fasa shi da dare ya zubar a bakin daji. Flanders ta haɗa takardarta da tallafin da ƙananan hukumomi ke zuwa har gida su kwashe allunan a farashi mai rahusa. Dokar gwajin da ba ta zo da irin wannan ba za ta samar da takardu masu yawa da shara a ɓoye. Sannan bai kamata mai gwaji ya zama shi ne mai cirewa ba, domin wanda zai ci ribar sakamako ba shi ya kamata ya rubuta shi ba.

Maganar ba ta yi nisa da mu ba. Allon silin da kwanon siminti da ake kira asbestos sun cika gidajen ma'aikata da makarantu da asibitocin da aka gina a Nijeriya daga shekarun 1960 zuwa 1980, kuma har yau sunan yana bakin kafintoci ko da sabon allon da ke kasuwa ba lallai yana ɗauke da shi ba. Waɗannan gidaje ne ake saukewa yanzu ana maye su da silin na roba ko na filasta. Yara masu aikin lebura ne ke hawa su ɓalle allunan a bushe, ba takunkumi, a jefo su ƙasa su farfashe, wani ya kwashi masu lafiya ya kai kasuwar tsofaffin kaya, ɓaraguzan kuma a cike ramin hanya da su, mota ta bi ta kai ta niƙe. Inda ɗakin gwaji ya yi nisa, akwai dabarar da dokokin Amurka da Birtaniya suka tanada, wadda ba ta buƙatar madubi: a ɗauka cewa tsohon allo yana da asbestos har sai an tabbatar babu. Hukumar da ke ba da izinin gini za ta iya rubuta wannan a jikin takardar izinin, tare da sharuɗɗan aiki: a fitar da iyali da kayan ɗaki, a jiƙa allon, a kwance ƙusa a sauke shi ɗungurungum, kada a sa masa injin yanka, a goge ƙasa da ruwa maimakon tsintsiya, a naɗe shi a leda a binne a wurin da hukuma ta keɓe.